Mai Riƙe Labule

"Ba da gom ba! Rabi, sau nawa zan faɗa miki?"

Rabi'atu ta janye hannunta daga linzamin kwamfuta kamar ta taɓa murfin tukunya. A kan allon, rabin kunnen wata amarya ya tafi, har da ɗan kunnen zinariyar da ke jikinsa.

Khalida ta miƙo hannu ta danna maɓallai biyu, kunnen ya dawo. "Wannan karon ya dawo. Da kin adana kin rufe, shi ke nan, sai ki je gidansu ki gaya wa uwarta inda kika kai kunnen 'yarta." Ta jawo kujera kusa. "Gom, magogin nan, wuƙa ce, abin da ta ci ya tafi. Mask kuwa mayafi ne. Pinso shi ne burushin: baƙin pinso ya rufe, farin pinso ya buɗe. Mutum yana nan ƙasa lafiyarsa lau, ɓoye shi kawai kika yi."

Shagon hoton na kawun Khalida ne, a kan hanyar kasuwar Tamanrasset, a Aljeriya. Gaba maza ne ke ɗaukar hoton fasfo. Baya kuwa, inda kwamfutar take, namiji ba ya leƙawa, don nan ake gyara hotunan biki da mata suka ɗauka ba lulluɓi, a jera su shafi-shafi da furanni da kwanan wata. Khalida za ta yi aure bayan ƙaramar Sallah ta koma In Salah, shi ya sa take ɗura wa Rabi'atu aikin da sauri. Uwarta 'yar Agadas ce, don haka Hausarta ta isa faɗa, ta isa tsokana, kuma duka biyun tana yi.

Yau dai hankalin Rabi'atu ba ya kan amaryar. Yana cikin jakarta, inda ta naɗe wani ɗan tsohon hoto a cikin hankici.

Gobe da safe mahaifinta, Malam Idrisa, zai hau motar Agadas, daga can ya wuce Damagaram, kuma ba zai dawo ba. Ya gaji da sanyin duwatsu. Rumfar kayan yaji ya bar wa ɗansa Sufyanu, ita ma Rabi'atu a gidan yayan nata za ta zauna. Jiya suna cin abinci ya ce mata ya ji labari a shagonsu ana ɗaukar hoton magina na unguwar Gataa El Oued a tsayar da su jikin motocin da ko tayarsu ba su taɓa taɓawa ba, su aika gida.

"To in ana haɗa mutum da motar da ba tasa ba," ya ce, "a haɗa ni da matar da take tawa mana. Ni da innarki ba mu taɓa yin hoto tare ba. Kunya ta hana ta."

Innar tata, Laure, ta rasu Rabi'atu ba ta yi wayo ba. Hotonta ɗaya ne a duniya, wannan ɗin, bai kai tafin hannu ba, kuma ya sha zama a aljihu da ƙasan akwati har duk ya kakkarce. Da safen nan Malam Idrisa ya sa sabuwar shadda mai ruwan ƙasa, ya zo kawun Khalida ya ɗauke shi hoto zaune a kujera, ya ɗora hannu a gwiwa yadda tsohon zoben azurfarsa zai fito, ya ɗaure fuska kamar jandarma na tambayarsa takardu. Ya ce zai dawo bayan la'asar.

Da Rabi'atu ta warware hankicin, Khalida ta daina wasa. Ta rufe amaryar, ta sa hoton a na'ura, ya fito a allo ya cika shi. Wata budurwar mata ce tsaye gaban labule mai zanen furanni, da kallabi ɗaure gefe guda, tana kallon ƙasa kaɗan kamar ana riƙe da ita ne kada ta gudu.

"Ke ce sak," in ji Khalida. "Sai dai ta fi ki hanci. To bismilla, ke za ki yi. Ni hannuna ba zai taɓa linzami ba yau."

Rabi'atu ta ɗauki baƙin pinso ta fara rufe labulen. Inda fili yake ta yi amfani da babba, abin ya tafi salin-alin, har ta fara jin kanta. Da ta iso bakin kallabi sai ta yanke shi ƙaf, kan innarta ya koma kamar an yanko shi da almakashi daga kwalin sabulu.

"Pinsonki ya yi tauri," in ji Khalida tana zuba shayi. "Mutum ba shi da baki mai kaifi. Sassauta bakinsa, ki rage shi, ki matso da hoton kusa. Shwiya-shwiya, a hankali."

Ta juya fari ta dawo da kallabin, ta sake bi da pinso mai laushi, ƙarami kamar ƙwayar gero. Wannan karon ya zauna. Ta yi kafaɗar dama. A ta hagu ta gamu da abin da ya ɓata mata rai: wasu yatsu huɗu sun leƙo daga bayan labulen sun damƙe bakinsa, daidai wuyan rigar innarta, inda rigar da yatsun suka kusa zama launi ɗaya.

"Ko wane ne wannan, Allah ya shirye shi," ta ce. "Duk faɗin labule bai ga inda zai riƙe ba sai nan?"

"Yaron mai hoto ne. Kullum su ne ke ɓata aiki. Rufe shi."

Ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, har wuyanta ya ƙage. Sufyanu ya aiko musu da burodi da kifin gwangwani, suka ci a tsaye.

Saura fuska. Nan karcen ya fi yawa, layuka sun bi kumatu ta ko'ina, wasu farare, wasu baƙaƙe. Khalida ta nuna mata dabarar: a kwafi hoton, a lallausa kwafin har ya yi sumul, a sa shi a ƙasa, sannan a bi karcen na sama da baƙin pinso, sumul ɗin ya leƙo ta wurin. Rabi'atu ta san innarta Bagobira ce, ta ji ana cewa tana da tsaga. Amma a hoton nan wanne ne tsaga, wanne ne aikin akwati? Ta rufe layi ɗaya, kumatun ya yi kyau. Ta rufe na biyu, ya ƙara kyau. Daɗin aikin ya ɗauke ta, ba ta tsaya ba sai da fuskar ta yi luwai kamar ta amaren da suke gyarawa kullum.

Khalida ta tafa hannu. "Wala! Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Suka ɗauko Malam Idrisa da kujerarsa suka ajiye shi gefenta. Suka yi gardama a kan baya: Khalida na son dusar ƙanƙara, Rabi'atu ta ce mutumin da sanyi ya kora ba za a sa shi cikin ƙanƙara ba. Suka daidaita a kan wani lambu mai dabino, da zanen furanni a kusurwoyi. Rabi'atu ta jingina da kujera tana kallo, zuciyarta fes. Ba ta taɓa yin abin da ya burge ta haka ba.

Bayan la'asar suka ji muryarsa a gaba yana gaisawa da kawu. Khalida ta tabbatar babu hoton matar kowa a buɗe, sannan ta ɗaga labulen ƙofa.

"Shigo, Ammi Idrisa," ta ce, yadda ake kiran dattijo a nan. "Yau kai ne namiji na farko da ya taka ɗakin nan."

"To Allah ya sa in fita lafiya," ya ce. Ya zauna, ya ciro tabarau ya goge da bakin riga, ya matsa kusa da allon. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan tsohon na gane shi," ya ce a ƙarshe. "Shaddar ma ta fito. Amma Rabi, wannan yarinyar 'yar wace gida ce?"

"Baba, Inna ce."

"Innar wa?" Ya juyo ya dube ta ta saman tabarau. "So kike in isa Damagaram da hoton nan, 'yan'uwanta su ce na yi aure a Aljeriya ban gaya wa kowa ba? Ina tsagarta? Matar da na gano a tsakiyar kasuwa tun daga nesa saboda tsagar nan?"

Da wasa ya faɗa, amma muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe, kuma Rabi'atu ta ji. Kunya ta rufe ta, idanunta suka cika. Ita da ta so ta ba shi matarsa, sai ga shi ta miƙa masa baƙuwa, kuma motar gobe ce.

"Na ɗauka karce ne, Baba. Ban iya rabe su ba."

"Ina za ki iya, ba ki san ta ba." Ya sauke murya. "Shi ke nan, an goge?"

Khalida ta zunguri ƙafar Rabi'atu ta ƙarƙashin tebur. "Ke, da me kika yi aikin nan? Da gom?"

Rabi'atu ta ɗago kai. "Ba a goge ba, Baba, tana nan ƙasa lafiyarta lau." Ta share ido da bakin mayafi, ta jawo fuskar kusa, ta juya pinso fari, ta ja shi a hankali a kan kumatun. Layi ya fito.

"A'a, wannan ba nata ba ne," in ji Malam Idrisa nan take. "Makullin akwati ne ya yi shi." Ta rufe. Ta buɗe na kusa da shi. "Yawwa! Wannan nata ne. Daga gefen baki yake tashi ya nufi kunne. Bi shi. A'a, sama kaɗan. Kai, ba ni abin nan."

"Baba, ba ka taɓa riƙe shi ba."

"Na riƙe ma'auni shekara da shekaru, wannan ɗan abin ne zai gagare ni?"

Ya damƙi linzamin kamar zai matse lemo. Kibiyar ta ruga ƙarshen allo ta ɓace. Khalida ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, shi ma ya taya ta. Rabi'atu ta ɗora hannunta a kan nasa, suka ja tare. Ita ke tuƙi, shi ke faɗin hanya: wannan nata, wannan na akwati, wannan na ruwan da ya taɓa zuba a Agadas. Layi bayan layi tsagar ta dawo kumatu biyu. Fuskar ta daina yin luwai, ta zama ta mutum. Rabi'atu ta ga matar tana gab da yin dariya, abin da ba ta lura da shi ba duk yinin.

"Ga ta nan," ya ce a hankali. "Sake ni, na iya."

Ta sake shi. Ya ja layi ɗaya daidai, ya ji daɗi, ya ƙara ƙarfi, sai hannun ya zarce. Farin pinso ya sauka daga kumatu ya bi wuya ya faɗa bayan kafaɗa, ya yage lambun dabino. Tsohon labule ya leƙo, da yatsun nan huɗu.

"Wayyo, Baba, ka dawo min da su! Yatsun yaron mai hoto ne, sun cinye min rabin yini. Kawo in rufe."

Bai ba ta ba. Ya matsa har tabaransa ya kusa taɓa gilashin. "Ƙara girmansu."

Ta ƙara. A ɗan ƙaramin hoton ba a taɓa ganin komai a wurin ba sai duhu-duhu. Yanzu ga yatsu sun cika allo, kuma a na ukun akwai zobe mai faɗi, da ɗan tsagi a tsakiya.

Malam Idrisa ya ɗaga hannunsa na dama ya jera shi da allon. Zoben ya lotse, ya dushe, amma tsagin na nan.

"Ikon Allah," ya ce, sai dariya ta ƙwace masa. "Iska ake yi ran nan! Labulen mai hoto yana ta tashi. Na roƙe ta mu tsaya tare, ta ce wallahi sai dai a fasa, mutane na kallo. Ta ce in ina son in yi amfani, in zaga baya in riƙe musu labule. Na kuwa zaga." Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Ashe na shiga."

Khalida ta dubi Rabi'atu, ta kama baki. "Yaron mai hoto, ko?"

"Ke kika fara faɗa!"

Ya mayar da tabarau, ya ce a buɗe labulen duka, a cire dabinon. Rabi'atu ta ɗauki babban farin pinso ta share, tsofaffin furannin labule suka dawo da karcensu. Saura tsoho mai sabuwar shadda, zaune a kujera ya ɗaure fuska. Malam Idrisa ya nuna shi da haɓa.

"Wannan kuma rufe shi."

"Baba, don shi fa ka ɗinka shaddar."

"Ba ta san shi ba. Tsorata zai sa ta yi." Ya ɗora yatsa a kan gilashin, daidai bakin labule. "Ni ga ni nan."

Rabi'atu ta juya pinso baƙi. "Duka, Baba?"

"Duka. Ai kun ce yana nan ƙasa lafiyarsa lau."