Tantin Mutum Biyu

Tun da aka kawo ni gidan su Luqman a unguwar Kilomita Biyar, ban taɓa zama da mijina mu kaɗai har shayi ya huce ba. Gidan yana bayan shagonsa na kayan gini, ƙofarsa kuwa ba ta san rufuwa ba. Ga surukata Inna Mero, ga ƙannensa mata da 'ya'yansu, ga Baba Illiyasu, ƙanen mahaifinsa, wanda ya zo daga Maraɗi ziyarar 'yan kwanaki tun ina amarya, yau 'yata Ulfa ta shiga makaranta yana nan daram. Ina son su, Allah ya sani. Amma mijina ma ina son sa, kuma ban ga laifi ba in same shi sau ɗaya babu 'yan kallo.

Ran nan Luqman ya kira ni sito wai in taya shi neman wani kwali. Na tarar da shi tsakanin buhunan siminti yana murmushi kamar wanda ya tsami nama a tukunya. Ya zaro wata doguwar jaka da ta zo cikin kayan Kamaru.

"Tanti ne, Maman Ulfa," ya ce. "Mutum biyu yake ci. Biyu rak."

Ya nuna min hotuna a waya: wani dajin gwamnati a kan duwatsu, can gefen hanyar Kamaru, ga ƙorama, ga itatuwa har iya ganinka, babu ko ɗan Adam. Ƙanensa Ja'afaru direba ya san mai gadin wurin, shi zai kai mu a motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ulfa kuma a bar ta wajen Inna.

Wayyo daɗi! Na cusa mayafi a baki don kada ihuna ya kai shago. Daga ranar kaina ya kwance. Na sayi bargo da takalmin roba a kasuwa, na ɓoye kilishi cikin akwatin zannuwana. In babu kowa kusa, sai in kama tsanin sito in hau in sauka, wai ina koyon hawan dutse. Idan muka yi kiciɓis da Luqman a zaure, ya ɗaga min yatsu biyu, ni kuma in ruga kicin ina dariya, har Inna ta fara tambaya ko lafiyata ƙalau.

Sai dai a unguwarmu ba a tafiya a sace. Ko garin Boali nan kusa za ka, dole ka bi gida-gida ka yi sallama, a yafi juna. Da Inna muka fara, tana zaune a tabarma tana matsa gwiwarta.

"Daji?" ta ce. "Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Inna," in ji Luqman.

"To bikin wa ake yi?"

"Ba biki ba ne."

Baba Illiyasu ya ajiye carbi ya matso. "Me ake saye a can?"

"Ba komai, Baba. Itatuwa za mu kalla, mu sha iska."

Tsohon ya dube shi, ya dube ni, sannan ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Madalla, ɗana, ka iya! Ni ma in na gano wurin kaya mai araha, iska nake cewa zan sha."

Nan asirinmu ya lalace, kuma gaskiya ce ta lalata shi. A Kilomita Biyar wa zai yarda ɗan kasuwa ya rufe shago, ya ƙona mai, don kallon itace? Kafin la'asar maƙwabciyarmu Suwaiba ta faɗo gida da jarkoki a hannu.

"Bara mo, sannu 'yar'uwa! An ce zuma a can kamar ruwan famfo. Ni da ke za ki ɓoye wa?"

Na rantse mata babu zuma. Ta kashe min ido, ta jera jarkokinta a zaure. Washegari zumar ta zama zinariya a bakin masu shagunan layinmu, Baba Illiyasu ya aro ƙaramin sikeli yana gogewa da gefen riga. Wata tsohuwa daga unguwar Kokoro ta zo ta shaida wa Inna cewa a kan dutsen nan akwai ruwan da ke warkar da gwiwa, Inna ta sa aka ɗaure mata tabarma da buta. Duk rantsuwar da muka ƙara, sai an ƙara mutum. Ja'afaru, wanda ya san babu komai a can sai birai, dariya kawai yake yi yana cewa motarsa ba ta ƙin kowa. Na so in shaƙe shi.

Ranar tafiya da hantsi na fito da jakata na tsaya turus. Inna ta hakimce a gaba, Ulfa a cinyarta, don ba a barin yarinya a gida babu kaka. A baya ga Baba Illiyasu rungume da sikeli, ga Suwaiba bisa jarkoki, ga ƙannen Luqman da yaransu da tukwane da buhun garin rogo. Har akuyar gidan an ɗaure, wai wa zai ba ta ruwa. Tantinmu na mutum biyu yana ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya. Raina ya ɓaci ƙwarai, idona ya cika taf. Ashe gidan zan ɗauka gaba ɗaya in kai shi kan dutse.

Ja'afaru ya zagaya motar, ya durƙusa ya duba taya, ya miƙe yana girgiza kai.

"Yaya, ta cika fa. Kai da matarka ba ku da wuri, sai dai mutum biyu su sauka."

Suwaiba ta ƙura wa sama ido. Baba Illiyasu ya kama tasbihi da ƙarfi. Ƙannen Luqman kowacce ta shiga gyara ɗankwali.

Na juya zan gaya wa Luqman maganar da ba ta dace a gaban uwarsa ba, sai na ga ba motar yake kallo ba. Ƙofar gidan yake kallo, a buɗe, zaure fayau, tsakar gida babu ko kaza. Ya dawo da idonsa kaina, gefen bakinsa yana rawa. Ni ma na sake duban motar, na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke kwana a gidan nan yana cikinta.

Dariya ta taso min tun daga ciki. Na danne ta da ƙyar, na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki.

"Inna, ku je," na ce. "Gwiwarki ta fi. Mu mun haƙura."

"Allah ya yi miki albarka, Hadiyya," in ji Inna. "Samun suruka irinki sai an tona."

"Singila mingi, na gode ƙwarai!" Suwaiba ta ƙwala daga saman jarkoki. "Zan ɗebo miki zuma!"

Baba Illiyasu ya leƙo ya ce wa Luqman kada ya damu, in an samu zai tuna da shi. Motar ta tashi da ƙyar, ta bi ta cikin masu babura tana rangaji, akuya na kuka, Ulfa na ɗaga mana hannu. Muka tsaya muna ɗaga namu da fuskar tausayi har suka sha kwana.

Luqman ya tura ƙofar gidan. Ta yi ƙara, ta ƙi, sai da muka sa kafaɗa mu biyu muna haki muna dariya kafin sakata ta shiga. Ya taka har tsakiyar gida, ya buɗe hannuwa, ya cika ƙirji.

"Hadiyya!" ya ƙwala da dukan muryarsa.

Muka saurara. Babu wanda ya leƙo ya ce me ya faru.

"Na'am!" na amsa, har tantabarun maƙwabta suka watse.