Ɗingishin Hannun Malam Yahuza

A Gubuchi, in ka bi hanyar da ta gangara fadamar rake, za ka ga wani gida da aka ɗaura waya daga kan mangwaro har ƙololuwar darbejiya. Baƙo yakan ɗauka igiyar shanya ce, har ya tsaya yana mamakin wace doguwar mata ce ake aure a gidan. To ba ta shanya ba ce. Wayar rediyon Malam Yahuza ce, kuma in ka kuskura ka ce mata igiya a gabansa, ranar ko ruwan gidan ba za ka sha ba.

Malam Yahuza tsohon ma'aikacin reluwe ne. Da ƙuruciyarsa tangaraho yake bugawa a tasha, wato aika magana da ƙwanƙwasa: a danna gajere, a danna dogo, kowane harafi da irin kiɗansa, na can nesa ya saurara ya karanta da kunne. Da aka daina yayin abin, kowa ya kama harkar gabansa, shi kuwa ya ƙi. Ya nemi lasisi, ya sayi rediyon aika saƙo irin na masu sha'awa, ya kafa a shagon da ke jikin zaurensa, ya ci gaba da ƙwanƙwasa kamar ba a ƙirƙiro wayar hannu ba.

Abin da yake dannawa, madanni, shi ne ransa. Tsoho ne tukuf. An kafe shi da ƙusa a kan gutsuren allo, kansa ya daɗe da fashewa har an maye shi da marikin murfin tukunya, in an danna sai ya yi ƙara kamar kaza na tsattsagar tire. Malam Yahuza ya sha faɗa a gaban mutane cewa ba abin da zai raba shi da wannan madanni sai ranar da aka fita da shi a makara.

Wa yake buga wa? Da can yana samun mutane har daga ƙasashen da ba ya iya faɗin sunansu. Amma na kullum, na kowane hantsi, mutum ɗaya ne: Malam Ukasha na Kudan, abokin aikinsa tun a reluwe. Kuma ga inda abin dariyar yake. Waɗannan tsofaffi biyu ba sa magana da juna.

Asalin faɗan a wajen wani suna ne, shekaru da yawa da suka wuce. Ana cikin cin waina Malam Ukasha ya ce wa jama'a, hannun Yahuza ɗingishi yake yi. Wai in ya zo kan dogon dannawa sai ya ja shi kamar jakin da ƙaya ta soka, ya bi da gajeru a guje kamar an biyo shi. Aka kwashe da dariya, har waɗanda ba su san me ake dannawa ba. Malam Yahuza ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya rantse bakinsa ba zai ƙara yi wa Ukasha magana ba. Liman ya sa baki, ya ce gaba haramun ce, a ciyar da miskinai a warware rantsuwa. Malam Yahuza ya ce shi ba ya gaba da kowa, ai kullum yana yi wa mutumin sallama. Kuma gaskiyarsa, yana yi. Da hannu. Kowane hantsi sai ya kunna rediyo ya buga sallama, ya bi da "kunnen jaki, ka kwana?" Daga Kudan a amsa, "na kwana, mai ɗingishi." Daga nan su shiga farashin taki, da ciwon gwiwa, da wanda ya mutu, da wanda ya kamata a ce ya mutu. Ko lambar wayar juna ba su da ita, wai wannan ta 'yan zamani ce.

Matarsa Rahmatu ta ce ita wannan zumunci ya fi mata, tunda ba ya cin tuwo.

Sai wuyan hannun Malam Yahuza ya fara ciwo. Ya kumbura, da ƙyar yake ɗaga buta. 'Yarsa Mukarrama, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ta zo ta duba ta ce, "Baba, wannan dukan ƙarfen da kake yi sama da ƙasa shi ke cinye maka hannu. Ko ka sake madanni, ko ka bar bugawa."

"Ko ki sake uba," in ji shi.

Mukarrama ba ta yi musu ba, halin uwarta gare ta. Ta koma ta yi ta tambayar masu harkar, ta zaɓa a tsanake, ta dawo da wani a kwali. Kai, abin ya yi kyau. Gindinsa farin ƙarfe ne mai nauyi, ko akuya ta tunkuri teburin ba zai gusa ba. Ba danna shi ake yi ba, 'yan fukafukai biyu gare shi da ake taɓawa gefe da gefe, babban yatsa ya ba da gajere, manuni ya ba da dogo, ba tare da wuyan hannu ya motsa ba. Akwai 'yan kusoshin murɗawa na daidaita tazara da tauri. Sannan rediyon da kansa ke auna tsawon kowane sauti, duk su fito daidai kamar ƙwayar masarar da aka zaɓa don iri.

Malam Yahuza ya kalle shi a wulaƙance, ya ce abin wasan yara ne. Ya taɓa sau ɗaya don ya nuna ba shi da amfani. Ya sake taɓawa. Sai ya karkata kunne. Babu ja, babu gudu, babu ɗingishi ko kaɗan. Nan take fuskarsa ta washe, ba don hannunsa ya huta ba, don ya tuna Ukasha.

Ya yi kwanaki yana koyo a ɓoye da rediyon a rufe ga duniya, hantsi kuma ya lallaɓa da tsohon. Ranar da ya ga ya ƙware, ya sa Rahmatu ta ɗauke tsohon daga teburin, ya sa sabuwar hula don wanda ba zai gan shi ba, ya zauna ya buga sallama mai santsi. Ya bi da, "kunnen jaki, yau wa ke ɗingishi?"

Shiru. Can aka amsa daga Kudan, "Wane ne?"

"Ubanka ne. Yahuza."

"Ƙarya kake. Na san hannun Yahuza."

Ya buga masa sunan tashar da suka fara aiki, da sunan mai tuwon da Ukasha ya nema ta ƙi shi. Aka amsa, "Duk wanda ya zauna da Yahuza ya san wannan, bakinsa ba ya rufuwa. Ina madanninsa?"

"An ɗauke."

Daga nan ba a ƙara jin komai daga Kudan ba.

Washegari ya buga, shiru. Jibi ma haka. Rahmatu ta ce ya mayar da tsohon mana, ya ce ko sama za ta faɗo ba zai koma ɗingishi don ya faranta wa wani jaki rai ba. Amma ya rage cin tuwo. Hantsi na yi sai ya zauna gaban rediyon yana murɗawa, ba ya jin komai sai shuuu. Mutumin da ya shekara yana zagi kowace safiya, rana ɗaya ya rasa wanda zai zaga, sai ya zama kamar zakaran da aka sayar da kajin gidansu. Ko faɗa da Rahmatu ya daina, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan.

Wani hantsi sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida, ya sauke wani tsoho siriri mai manyan kunnuwa, da farar riga, da ƙullin goro a hannu. Ya yi sallama a zaure da murya ƙasa-ƙasa. Rahmatu ta leƙo, ta gane Malam Ukasha ne, ta shimfiɗa masa tabarma.

"Hajiya," in ji Malam Ukasha, "ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma ba ku kyauta mini ba. A ce a binne shi ko aike ba a yi mini ba?"

Rahmatu ta buɗe baki za ta yi salati, sai ta hango mijinta ta 'yar tagar shago, ya zaro ido yana yi mata alama da hannu biyu ta yi shiru. So yake ya ji yabon da za a yi masa. Ta dube shi, ta dubi baƙon, ta gyara mayafi ta zauna a bakin ƙofa. Ita dai ba ta ce ya mutu ba.

"Wa ya gaya maka, Malam?"

"Wa zai gaya mini? Da bakinsa ya ce makara ce kaɗai za ta raba shi da madannin nan. Sai ga wani mara kunya a kan rediyonsa yana buga mini abu sumul kamar injin niƙa, har yana kirana da sunan da marigayi ke kirana. Ko wane ne, Hajiya, ki kore shi, magada ba su da ta ido."

Ya share ido da hannun riga, ya ci gaba. "Allah ya gafarta masa, mutum ne mai taurin kai. Ga rowa. Ga riƙo. Sallarsa ma a guje yake yi."

A cikin shago aka ji kujera ta motsa.

"Kuma a duk reluwe ba a yi mai mugun hannu irinsa ba. Amma Hajiya, ko mutum dubu ke bugawa, in ya sa hannu sai na tsince shi. Wannan jan da yake yi wa dogon sauti, in na ji shi da hantsi sai in san gari ya waye daidai. Yanzu ina kunna rediyo in kashe." Ya gyara zama. "Alfarma ɗaya na zo nema. Tsohon madannin nan, in ba a raba gado da shi ba, a ba ni."

"Ai kuwa ba wanda ya nema," in ji Rahmatu. Ta shiga ta ɗauko shi daga kan buhun masara inda take danne bakin buhu da shi saboda ɓera, ta hure ƙura, ta miƙa masa da hannu biyu.

Sai ƙofar langa-langa ta shagon ta fara ƙara. Da cokali ake bugunta. Ƙwas, ƙwas, sai a kankare dogo, a ja shi, a ja shi, sannan gajeru su biyo a guje.

Malam Ukasha ya sandare da madanni a cinya. Leɓensa na motsi yana karantawa. Rahmatu ta ce, "Me aka ce?"

"An ce ɓarawo." Ya saurara. "An ce sallata ta fi taka." Ya ajiye goron a hankali. "Hajiya, ko dai aljanin gidan nan ma gurgu ne, ko kuwa matsiyacin nan yana da rai."

Ya banka ƙofar. Ga Malam Yahuza tsaye da cokali da sabuwar hula. Suka kalli juna. Malam Ukasha ya yi hamdala, ya zage shi, ya sake hamdala, hawaye na bin gemunsa. Malam Yahuza ya datse baki gam, yana amsawa da cokali a kan tebur.

Da ƙura ta lafa, Malam Ukasha ya duba wuyan hannun da ya kumbura, ya ja kujera ya zauna gaban sabon madannin. Ya jinjina nauyinsa, ya taɓa fukafukan, ya ce yarinyar nan ta iya zaɓe, ba a wajen ubanta ta gado ba. Laifin ba na madanni ba ne, in ji shi, na rediyon ne da ke auna wa mutum magana. Ya kashe wannan awon, ya sake haɗa 'yan wayoyin ta yadda kowane gefe aka taɓa, sautin zai tsaya iya yadda yatsa ya riƙe. "Buga mu ji."

Malam Yahuza ya buga gefe da gefe, wuyan hannunsa kwance a kan tebur, ba ciwo. Ɗingishin kuwa ya fito sarai, a kan farin ƙarfe mai ƙyalli, kamar jakin da aka yi wa sabon sirdi.

"Yawwa," in ji Malam Ukasha. "Barka da dawowa."

Ya sha fura, ya yi wa Rahmatu godiya, ya ɗauke goronsa tunda ba a yi mutuwa ba. Ya saƙale tsohon madannin a hammata ya nufi inda ɗan acaɓa ke jiransa. Malam Yahuza ya biyo shi yana buga cokali a jikin ƙofa, a jikin garu, a jikin randa. Malam Ukasha ya haye babur ya ce shi ba ya jin ƙwanƙwasa in inji na ƙara, kuma kyautar da aka yi wa mai ta'aziyya ba a karɓewa. Babur ya tashi.

"Kai Ukasha! Kunnen jaki! Ajiye mini kayana, ɓarawon banza!"

Duk unguwa an ji. Babur ya tsaya. Malam Yahuza ya kama bakinsa da hannu, amma magana ta riga ta fita, rantsuwa ta karye.

Rahmatu ta koma cikin gida ta kwance bakin buhun masara, ta ɗora babbar tukunya, ta aika a gaya wa liman ya turo miskinai.