Kwaɗi Sun Farka

"Sai gobe" mugun ciwo ne, shi ya ci Wilfred. Yau ga shi da shebur, yana kwasar ragowar ƙanƙara daga inuwar rumbun itace, yana tarawa ƙarƙashin tagar maƙwabciyarsa Philomene, ƙanwar kakansa, tsohuwar da ta rage da labarin zuriyarsu a baki.

A wurinsu ba a buɗe labarin kakanni sai ƙasa na lulluɓe da ƙanƙara, lokacin da kwaɗi da sauran halittun ƙasa ke barci, ba za su ji ba. Duk hunturun nan tana aika masa ya zo ya karɓi labarin, yana cewa gobe: yau kamun kifi, gobe gyaran babur ɗin ƙanƙara. Sai da ta kwanta ciwo, ƙanƙarar rufin gidaje ta fara narkewa tana ɗiga, sannan ya tuna hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya shiga ya durƙusa gaban gadonta, ya miƙa mata ƙullin taba, yadda mai roƙon labari ke yi.

"Kaka, leƙa waje. Fari fat."

Ta ɗaga kai da ƙyar ta leƙa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ja'iri. Ƙanƙarar taka har da sawun shebur? Ni za ka yi wa wayo, ko su?"

Daga bakin tafki kwaɗi na ta kuka.

"Sun farka, ɗan nan. Kunnuwa sun yi yawa a ƙasa."

"Ko rabi ne, Kaka. Wa zai sani?"

"Wadda ta ba ni za ta sani. Na kusa zuwa wurinta, da wane ido zan dube ta?"

Ya kifa goshi a kan bargonta. Ta shafa kansa, duk furfura, kamar na yaron goye.

"Daina, ƙaton banza. Ɗora mana shayi. Tabar kuwa na karɓa, in na kai hunturu kai ne na farko."

Kullum da safe yana zuwa ya hura mata murhu, ya ba ta romon kifi a cokali. Kafin itatuwa su yi toho ta cika.

Abin da ta tafi da shi: sunan tsibirin da aka binne kakanninsa, waƙar da ake yi wa shinkafar tafki kafin girbi, da dalilin da ya sa gidansu ba sa harbin zalɓe.

Da ƙanƙarar farko ta sabon hunturu ta sauka, 'yarsa ta jawo kujera kusa da murhu ta zauna, ta zuba masa ido tana jiran labari. Wilfred ya ƙara itace a wuta. Ya sake ƙarawa.