Abin da Tabawa Ta Gudu da Shi

A unguwar Dilimi kowane gida yana da jakar gudu. Ba a zancenta, ba a nuna wa baƙo, amma tana nan a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, da takardun makarantar yara da maganin hawan jinin tsohuwa a ciki. Tun rikicin farko muka koyi wannan, kuma ba ilimi ne da mutum zai yi alfahari da shi ba. Ni tawa ta tsufa har zif ɗinta ya mutu. Ta ƙanwata Tabawa kuwa a da kusan wayam take, domin abin da take tsoron rasawa ba ya shiga jaka.

Tabawa tana da ɗan shagon buga takardu kusa da kasuwar Terminus, ni kuma na raɓa keken ɗinkina a lungun shagon. Abin nata yana cikin kwamfutar da take aiki da ita: bidiyon ranar sunan 'yarta Salma. Wani abokin mijinta ne ya ɗauka da kyamarar aro, ya juye mata, ya mayar da kyamarar. A ciki mijin nata, Mahdi, yana riƙe da jaririyar a tsorace kamar an ba shi ƙwai, yana dariya, yana cewa a zo a karɓe ta kafin ya yi ɓarna. Mahdi direba ne, kuma Salma ko rarrafe ba ta fara ba motarsa ta kife a hanyar Bauchi. Hotunansa akwai, amma muryarsa a nan kaɗai ta rage.

Kullum da safe, kafin masu kawo aiki su fara zuwa, sai ta kunna bidiyon ƙasa-ƙasa. Ni dai har na gaji da jin dariyar nan, Allah Ya jiƙansa, amma ban taɓa buɗe baki ba. Ta ce ajiya take yi wa Salma, sai yarinyar ta yi wayon da za ta riƙe abin da ta ji. An taɓa juye mata shi a faifan sidi, Salma ta samu ta yi wasan mota da shi a kan siminti. Na sha yi mata mitar a sake wani, kullum sai ta ce gobe.

Kwamfutar kuwa nawa gare ta kamar ƙishin ruwa a azumi. Ka danna abu, ka je ka yi alwala, ka dawo tana nan tana gurnani. Ɗalibai masu kawo aikin kammala karatu suka fara tsallake mu zuwa shagon gaba. Sai Tabawa ta kira Linus, mai gyaran da ke zagaya layinmu da jakar baya da sukudireba a aljihun riga. Ya duba, ya ce sabon tsarin da aka ɗora wa injin ya fi ƙarfinsa, amma akwai dabara mai sauƙi. Ya fito da filas, ɗan abu bai kai yatsa ba, ya cusa a bayan akwatin kwamfutar, ya danne-danne.

"Maman Salma," ya ce, "wannan babban faifai na ciki, shi ne sito naki. Yana da nisa, yana da nawa. Wannan filas kuma kamar tire ne kusa da murhu. Abin da kwamfuta yana taɓawa kullum, zai aje a nan, ba sai ya tafi sito ba. Kar ki sa kaya naki ciki, kar ki cire shi. Bar shi ya yi aiki nasa."

Tabawa ta tambaye shi ko ita ce za ta zaɓa wa injin abin da zai sa a tiren. Ya ce a'a, shi da kansa yake lura da abin da aka fi buɗewa. Na ga tana kallon ɗan hasken da ke ƙyaftawa a jikin filas ɗin. Kwamfutar ta ɗan sake jiki, ba wani a-zo-a-gani ba, amma an samu sauƙi. Daga ranar kuma na daina jin ko goben nan game da sidi. Da na tayar da zancen sai ta ce mini, me aka fi buɗewa a injin nan in ba Mahdi ba? Ai yanzu yana wuri biyu. Ni tela ce, na ji maganar ta zauna daidai, na ci gaba da taka kekena.

Ƙarshen shekarar 2008 gari ya sake rikicewa. Da safe ne, mun fito da wuri saboda tana da aikin da za ta miƙa, Salma na goye a bayanta. Muka fara ganin mutane na saukar da ƙofofin shaguna, sannan hayaƙi daga can sama. Babu wanda ya yi ihu a layinmu. Mun riga mun san abin, kowa ya shiga tattara nasa kamar masu tashi daga kasuwa. Wani maƙwabcinmu mai baro ya tsaya a ƙofa ya ce akwai wurin kaya ɗaya a kan nasa, mu yi sauri. Na ciro kan kekena na rungume. Tabawa ta dubi akwatin kwamfutar, ta dubi firinta, injin buga takardun. Ta zagaya baya ta zare filas ɗin, ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ce wa mutumin ya ɗauki firinta, ita ce mai tsada, ita ce abincinsu. Abin da take so a cikin kwamfutar, in ji ta, yana jikinta.

Da aka sassauta dokar hana fita muka koma. Shagon ba rufi, ba ƙofa. Akwatin kwamfutar ba ya nan, ko a toka ko a hannun wani, oho. Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta taɓa ƙullin zaninta ta ce alhamdu lillahi.

Linus bai ƙara shigowa layinmu ba. Muka ji ya kafa tebur a wajen Tina Junction, sai muka hau mota da rana tsaka muka je, kowa a motar yana satar kallon kowa. Mun same shi ya rame, nasa kayan aikin ma sun tafi. Ya yi mana jaje, muka yi masa. Tabawa ta kwance ƙullin ta miƙa masa, ta ce ya juye mata bidiyon a sidi, guda biyu wannan karon.

Ya daɗe yana jujjuya filas ɗin a hannu. Ya dai cusa shi a wata kwamfutar, ina jin don kada a ce bai gwada ba. Abu ɗaya ne ya fito a allon, ƙato, ba hoto ba suna mai ma'ana, kuma ya ƙi buɗuwa. Ya yi mata bayani a hankali: injin ba ya ajiye abu sukutum a nan, gutsattsari yake tsinta, na wannan da na wancan, ya kulle su da makullin da shi kaɗai ya sani. Makullin ya tafi da injin.

"Oga Linus, amma yana ciki?"

"Wataƙila kaɗan-kaɗan yana ciki, Maman Salma. Amma ba wanda zai iya fito da shi. Ko ni, ko Legas."

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Mutumin bai yi ƙarya ba, ita ma ba wauta ta yi ba, ta ji magana ne ta ɗora ta a kan abin da ke ranta. Na nemi benci na zauna. Linus ya ce in tana so ya goge filas ɗin, ai lafiyarsa ƙalau, za ta iya ajiyar aiki a ciki. Ta karɓe shi daga hannunsa da sauri, ta mayar bakin zani.

Yanzu yana cikin jakar gudunta, naɗe a safar jariri. Salma ta yi wayo, ta kuma ji labarin a bakin yaran gida. Rannan ina guga na ji ta ce wa uwar ta kunna mata Babanta. Tabawa ta zaunar da ita a cinya, ta ƙanƙame hannuwa kamar mai riƙe da jariri, ta kumbura murya ta ce, "Ku zo ku karɓe ta kafin in yi ɓarna." Yarinyar ta ƙyalƙyale, ta ce to saura dariyar.

Tabawa ta sauke hannuwanta. Ta juyo ta dube ni.

"Yaya, ke ma ai kullum kina ji. Yaya ma take?"

Na ajiye dutsen gugar na tsaya ina nema, ni da na ce na gaji da ita. Ban same ta ba.