Baba ne a gaba

A gidanmu ba a wuce Baba a hanya. Ko kasuwa za mu, shi ne a gaba, Umma na biye, sai Auta, ni kuma can baya ina ta cin birki, ƙafafuna na ƙaiƙayi. Babu wanda ya kafa dokar. Haka muka taso muka tarar.

Da muka je babban birni yawon buɗe ido, abu ɗaya Umma ta roƙa: ta ga raƙumin dawa da idonta. Tun tana yarinya take ganinsa a kalanda, kuma ba ta taɓa yarda akwai dabba mai irin wannan wuyan ba. Asabar ta ƙare mana a kallon dogayen benaye da gadar sama. Lahadi da yamma motarmu za ta tashi, gidan namun daji kuwa da la'asar ake rufe shi.

Ni na san hanya. Na yi watanni ina kai saƙo a kan babur a garin kafin zaman ya gundure ni. Baba sau ɗaya ya taɓa zuwa, tun ba a haife ni ba. Amma shi ne a gaba.

Ran Lahadin muka kama hanyar gidan namun dajin a ƙafa. Da muka sake ɓullowa ta gaban wani shagon katifu, Auta ta matso kusa da ni.

"Yaya, mai katifar nan fa ya fara gaishe mu kamar dangi."

"Baban yara, ko mu tambaya?" in ji Umma.

"Tambayar me? Nan kusa ne. Da akwai wata babbar bishiya a kwanar, sare ta suka yi."

A mararraba na yi tari da ƙarfi ina nuna hagu da haɓa. Baba ya waiwayo.

"Sarkin yawo, mura ce ta kama ka?"

Ya yi dama. Muka bi shi.

Inuwa ta fara tsawo sa'ad da Umma ta zauna a bencin jiran mota, ta cire takalmi tana murza diddige.

"A bar shi kawai," ta ce tana murmushi. "Dama ai doguwar akuya ce."

Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya durƙusa wai zai gyara igiyar takalmi, alhali takalmin nasa ba shi da igiya.

"Kai, zo ka kama min jakar nan."

Na sunkuya kusa da shi. Bai ɗago kai ba.

"Hagu ko dama?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Baya, Baba."

"Baya gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya gyara murya.

"Ku tashi, za mu yanke ta gajeriyar hanya."

Ya riƙe hannun jakar ɗaya, na riƙe ɗayan daga bayansa. In na ja hagu ya yi hagu, in na ja dama ya yi dama, yana tafe ƙirji a waje. A wata kwana na fizga da yawa har ya yi tuntuɓe.

"A hankali, ba babur kake tuƙawa ba," ya ce ta gefen baki.

Da muka isa, mun tarar mai gadi ya riga ya jawo rabin ƙofa. Baba, wanda ban taɓa jin ya roƙi kowa ba, ya dafa ƙarfen.

"Ɗan'uwa, don Allah. Baiwar Allahn nan tun ƙuruciya take jiran yau."

Mai gadin ya dubi Umma da takalminta a hannu, ya kauce.

"Ku bi ta bayan kejin birai, ku yi sauri."

Umma ta tsaya a jikin wayar shingen raƙumin dawa, ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, har mayafinta ya zame. Dabbar ta sauko da wuyanta sannu a hankali, tana tauna ganye, ta zuba mata manyan idanu.

Umma ta damƙi hannun Baba.

"Ya kalle ni! Baban yara, wallahi ni ya kalla!"

"To wa zai kalla, ni?"

Mai gadi ya busa usur daga nesa. Umma ko motsi ba ta yi ba.