Muryar Luba

Ni aka sa in maye gurbin muryar matacciya, kuma Allah ya sani ban nema ba.

Kamfaninmu ɗaki biyu ne da rumfa a bayan tashar Dogon Dutsi. Rufa'i Manu da abokinsa Abdulmalik suka kafa shi bayan sun dawo daga karatu a Yamai. Abin da suka ƙera manhaja ce ta waya, ta masu kanti da masu sayar da hatsi, waɗanda yawancinsu ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba su taɓa takawa ba. Mutum zai danna hoton sabulu, wayar ta gaya masa da baki katan nawa ya rage, ta kuma tuna masa ya saro kafin Juma'a. Mai maganar Lubabatu ce, matar Rufa'i. A ɗakin kwanansu aka ɗauki muryarta, kalma bayan kalma, da bargo a rataye a taga saboda kukan awakin maƙwabta. Sun ba manhajar wani suna na 'yan boko, amma babu mai tunawa da shi. Luba kowa ke cewa. Ka tambayi mai kanti ko akwai sukari, sai ya ce bari ya tambayi Luba.

Ni Hannatu, aikina amsa kiran masu ƙorafi ne, kuma an ce na dace da shi domin ba na barin ta kwana. Lokacin da na zo mu huɗu ne. Kafin shekara ta zagayo mun zama tara, kuma Luba na magana a kantuna daga Tibiri har Matankari. Ita kanta mai muryar ba mai yawan magana ba ce. Ko saƙo za ta aika maka, rubutawa take yi, wai ta gama maganarta a wurin aiki.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Kafin a kai ta asibitin Doso rai ya yi halinsa.

Aka yi zaman makoki aka watse, muka koma aiki, muryar kuwa ba ta yi hutun ko yini ɗaya ba. Rufa'i ya daina bi ta cikin kasuwa. Sai ya zagaya ta bayan masu itace, hanya ta ninku, don kada ya ji ta tana faɗa wa wani saura kwali uku.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyarta ta zo daga Kore Mairuwa. Inna Baturiya doguwar tsohuwa ce mai sayar da ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, kuma babu wanda ya tuna ya gaya mata irin aikin da 'yarta ta bari. Ashe ta je sayen gishiri ne a kantin unguwarsu, sai ta ji Luba daga bayan teburin mai kantin tana cewa gishiri saura buhu biyu. An ce a nan ƙofar kantin ta zauna a ƙasa. Matan unguwa kuwa suka samu abin yi, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa yarinyar ba ta samu kwanciya ba.

Da ta iso biro, wato ofishinmu, Rufa'i ya cire takalmi ya tsuguna. Ba ta dube shi ba, bango ta yi wa magana, yadda surukai kan yi.

"Kun ruhe ta, amma ba ku sallame ta ba. Ɗiyata na cikin ƙasa, kuma ga ta kasuwa tana ƙidaya ma mutane gishiri. Ku hidda min ita, kar ku rage komi."

Rufa'i ya ce to. Ta ce ya rantse, ya rantse.

Da ta tafi Abdulmalik ya yi ta faɗa. Ya yarda a cire muryar daga wayoyin mutane, amma ya ce a ɓoye kwafi ɗaya a wani wuri, tsohuwa ba za ta taɓa sani ba. Ni ma bayansa na bi, har na ɗaga murya fiye da matsayina. Rufa'i ya bari muka gama, sannan ya ce wata rana za ta tambaye shi, shi kuma ba zai kalli uwar Luba ya yi mata ƙarya ba. A gabanmu ya goge na cikin na'urorin biro, ya goge wanda ake ajiyewa a waje saboda tsaro, ya ɗauko wayarsa ya goge 'yan saƙonnin muryar da ta taɓa yi masa. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, na kuma ji tausayinsa.

Sai aka rataya bargo a tagar biro aka zaunar da ni. Gero, dawa, sabulu, ɗaya, biyu, saura, ya ƙare. Aka saki sabuwar manhaja da muryata. Rufa'i ya san mutanensa, ya san babu mai kantin da zai zauna ya sabunta wani abu da kansa, shi ya sa tun farko ya tsara abin ya riƙa sabunta kansa. Da zarar waya ta samu rezo da farfe, wato layi da kuɗin intanet, sai sabuwar ta shiga ta kore tsohuwar. Kuma tunda a biro ake sa wa kowa manhajar, kowace waya ta san wifi ɗinmu, ko ta rumfa ka ratsa da ita sai ta kama.

Ƙorafi ya yi ta zuwa, kuma ni ke amsawa. Wani mai kanti a Tibiri ya ce mini wannan sabuwar yarinyar kamar faɗa take yi da mutum, a dawo masa da ta da. Na ce masa zan isar da saƙo.

Da kaka Inna Baturiya ta dawo. Ta rame, zanen ma ya yi mata yawa. Ba ta nemi Rufa'i ba, ni ta kira rumfa. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi iyayena, ta tambayi geron bana, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ashe bayan ta koma gida, kullum da safe sai ta je ta zauna a gindin kantin nan, wai ƙafa ke mata ciwo tana hutawa. Tana zagin abin a ranta, kuma tana jira a danna. Wata safiya aka danna, ta ji baƙuwar murya. Tun daga ranar take neman yadda Luba ke magana a cikin kanta, abin yana guduwa.

"Yaron nan bai ɓoye ko kaɗan ba?" ta tambaye ni. "Ba ni yi mishi hwaɗa. Ko gishirin nan ne, a sa ta ta hwaɗi in ji sau guda."

Ban taɓa jin nauyin faɗin gaskiya irin na ranar ba. Na ce mata surukinta ya cika alkawari.

Da Rufa'i ya ji, ya ajiye duk aikin da ke gabansa. Muka bi masu kantuna da kira ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wayar da sabuwar ba ta shiga ba. Kowa muka kira sai ya danna mana, in ji kaina ina amsawa. Can Abdulmalik ya tuna da Malam Maikano, wani dattijo mai sayar da gero a wani ƙauye bayan Sukukutane, wanda ya rantse ba zai taɓa sayen farfe ba domin ɓarna ce. Babbar wayar ta gero ce kawai, kira kuwa da wata ƙarama yake yi mai ɗaure da roba.

Da kyar aka same shi, layin na yankewa. Ya ce yarinyar tana nan lafiya, ɗazun nan ma ta gaya masa saura buhu tara. Rufa'i ya dafa tebur. Ya yi masa bayani a gaggauce, ya ce kada ya taɓa komi a cikin wayar, ranar Asabar za su zo da mahaifiyar marigayiya. Muka nemo aron mota mai iya rairayi. Inna ta sauka gidan ƙanwarta a gari, ta ce za ta jira.

Ranar Juma'a kasuwa ke ci, ita ce ranar da muka fi aiki. Rufa'i da Abdulmalik na cikin kasuwa, Inna na zaune a rumfa tun hantsi domin ta kasa zaman gida, ni kuma ina ciki ina fama da wani mai kantin da ɗansa ya jefa waya a ruwa. Ina jin ana gaisuwa a waje, doguwar gaisuwa ta manya, da ta'aziyya, da fatiha, da tambayar mutanen gida ɗaya-ɗaya. Ban kula ba, rumfar nan kullum da baƙi.

Da na fito da ruwa na ga dattijo da ƙurar hanya har gira. Ya ce shi ne Maikano. Ya ce da ya kwana ya tashi sai ya ga bai dace ba a ce tsohuwa mai makoki ta sha rairayin hanyarsu saboda shi, alhali yana da ƙafa. Ya shigo motar 'yan kasuwa tun asuba.

Ban san inda na ajiye kofin ba. Na ruga ciki na fizge igiyar wutar wifi har soket ɗin ya biyo ta, na kira Rufa'i na ce ya zo yanzu. Ya iso yana haki, ya ga Malam Maikano, ya kalli nisan bencin da suke zaune a kai da ƙofar biro.

Dattijon ya zaro wayar daga aljihu, a naɗe cikin ƙyalle, yana murmushi.

"Yadda kac ce, ban taɓa komi ba. Wuta kaɗai na sa anka cika mata nan tasha, na kunna ta, don kar Hajiya ta yi jira."

Ya miƙa wa Inna da hannu biyu, ya nuna mata hoton gero. Ta goge yatsanta a zane, ta gyara zama, ta danna.

"Gero, saura buhu tara," in ji muryata.

Malam Maikano ya leƙa wayar, ya juya ta, ya ce wallahi da asuba ita ce. Rufa'i ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya rufe fuska da hularsa. Inna ta sake dannawa, ta saurara har ƙarshe, ta sake. Sannan ta naɗe wayar a ƙyallen da kyau ta mayar wa mai ita, ta yi masa godiyar wahalar hanya, ta sa masa albarka.

Ta juyo wurina. Idonta a bushe yake.

"Ke kullum kina jin ta. Ƙaƙa take hwaɗin shi? Gwada min."

Na durƙusa a gabanta. Na rufe ido, na nemo Luba iya ƙoƙarina, yadda take jan ƙarshen kalma a hankali kamar mai lallashi. Na buɗe baki na faɗa. Abin da ya fito irin na cikin wayar ne.

Inna ta ɗan jira ko zan sake, sannan ta ce ba komi, ta laluba takalminta a ƙarƙashin benci.