Turken da Ya Shiga Filin Maƙwabci

Shekara ashirin da shida ina aikin awon fili, ba a taɓa tuge turken da na kafa ba. Da wannan nake cika baki a ko'ina. Tsohuwar kalkuletata kuwa, wadda lambobinta suka goge don tsufa, na san ta kamar yunwar cikina. Ranar da ta faɗa durom ɗin ruwa a wurin gini ta mutu, ji na yi kamar an yi mini rasuwa.

'Yar ƙanwata ce ta kawo mini sabuwa. Injiniya ce, ita ke kula da ginin ajujuwan da nake yi wa awo.

"Kawu, wannan har zane take yi," in ji ta. "In ka shigar da tsawo da kusurwa, sai ta zana maka filin a allo. Zauna in nuna maka."

"Ke da aka haifa a gabana? Bar ni da ita."

Girman kai rawanin tsiya. Kwana uku na yi ina fama da ita a ɓoye. Madannanta sun fi hamsin, kowanne da rubutu a kai, da wani a sama, da wani a gefe, littafin bayaninta kuma kaurinsa kamar bulo. Da ƙyar na lallaɓa na fitar da lissafi, ranar Litinin na kafa turaku. Sai dai zanen da ta yi a allo bai haɗe ba, layin ƙarshe ya zame ta gefen na farko ya bar ɗan giɓi. Na ce iyayin kayan zamani ne, na kashe ta na jefa a jaka.

Ranar Laraba da safe leburori sun gama haƙa ramin harsashin ginin, an ɗaure rodi, injin kwaɓa kankare ya fara ruri. Ni kuwa giɓin nan ya tsaya mini a rai, ko karyawa na kasa. Na zagaya bayan ginin kamar mai neman wurin fitsari, na ɗaura zare a dutsen iyaka na farko, na ja shi zuwa na biyu. A farko ramin yana bin zaren lafiya lau. Can ƙarshe sai ga shi ya ƙetare, ya shiga filin maƙwabci da santimita talatin. Na kwance zaren na sake ɗaurawa har sau uku, amma duwatsun ba su matsa ba, ramin ma haka.

Na yafito 'yar ƙanwata. Ta dubi zaren, ta dube ni, ta ciro kalkuletar daga jakata ta miƙo mini.

"Shigar da kusurwar nan in gani, Kawu. Digiri talatin da biyu da minti arba'in da biyar."

Na danna talatin da biyu, ɗigo, arba'in da biyar.

"To, a nan matsalar take. Tsohuwar kalkuletarka an saita ta tana ɗaukar abin da ke bayan ɗigo a matsayin minti. Sabuwar kuwa, kashi arba'in da biyar cikin ɗari na digiri take ɗauka. Digiri kuma minti sittin ne."

Tun kafin uwarta ta yi aure na san digiri minti sittin ne. Ta nuna mini madannin da ake sa alamar minti, na sake shigarwa, zanen ya haɗe cif. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ta rage murya. "Bari in gaya wa ɗan kwangila daga ofis aka canza zane. Ba wanda zai sani."

Wallahi na so haka, ba zan yi ƙarya ba. Ina tsaye ina juya maganar sai na hango baron farko cike da kankare ya nufo bakin ramin.

"Kai, tsaya! Kada ka zuba! A kashe injin nan!"

Aka kashe injin. Ɗan kwangila ya taho da sauri yana share gumi. "Lafiya, Malam?"

"Bangon baya ya shiga filin mutane. Ni na yi kuskure a lissafi, ba Injiniya ba, ba na'ura ba. A kwance rodin, a cike ramin."

Na jira ya yi faɗa, da ma hakan zai fi mini sauƙi. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Ba komai, Malam, ɗan Adam ajizi ne." Leburorin da suka yi kwana biyu suna haƙa a rana suka ɗauki shebur ba tare da sun kalle ni ba. Da hannuna na tuge turakun nan guda huɗu.

Kafin azahar na kafa sababbi, kuma daidai suke, zanen ma ya shaida. Ina naɗe zarena sai na waiga. Ɗan kwangilan nan, da muka yi shekara goma sha ɗaya tare bai taɓa bin diddigin awona ba, yana durƙushe a gindin turken farko da tef ɗin awo a hannunsa yana sake aunawa.